Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Ragamar Wutar Lantarki Yanzu, Abuja ko Jiha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai injin niƙa ne a Funtuwa. Na ji a rediyo cewa an sakar wa jihohi ragamar wutar lantarki. In haka ne, me zai hana gwamnoni su rage mana kuɗin wuta, su kuma wadata mu da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ikon da aka ba jihohi yana da iyaka, kuma sanin iyakar shi ne amsar tambayarka.

A da, tsarin mulkin 1999 ya taƙaita ikon jiha kan wuta ga yankunan da babban layin ƙasa bai kai ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya kawar da wannan shinge, sannan a watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin dokar 2005. Yanzu jiha na iya samar da wuta, ta dako ta, ta rarraba ta a cikin iyakokinta. Amma ikon ba ya zuwa da kansa: sai majalisar jiha ta yi doka, an kafa hukumar sa ido ta jiha, an sanar da NERC, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar wutar lantarki, kana a miƙa aikin cikin wata shida, kamfanin rarraba wuta kuma ya buɗe reshe na musamman domin wannan jiha. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, daga baya Legas da Kogi da Neja da Filato da wasu suka bi sahu. Jihar da ba ta bi waɗannan matakai ba tana nan a hannun NERC kamar da.

Batun rage kuɗi kuwa, an riga an gwada. A watan Yulin 2025 hukumar jihar Enugu ta sauke farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla sa'a 20 a rana, daga kimanin naira 209 zuwa naira 160 kan kowane yunit. Nan take kamfanonin da ke samar da wuta suka yi ca, domin dama suna bin bashi mai nauyi, ita kuma NERC ta ce duk jihar da ke shan wuta daga babban layin ƙasa dole ta lissafa ainihin kuɗin samar da ita da na dakonta, in kuwa tana son ragi to ta cike giɓin daga baitulmalinta. A ganina wannan magana tana kan hanya, ko da yake ba ta da daɗin ji ga mai sana'a irinka. Hatsin da kake niƙawa, in manomi ya sayar da shi da tsada, ba ka da ikon karya wa mai sayen garin farashi sai ka yarda asarar ta faɗo kanka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a arewa musamman. Wutar da ke shigowa Funtuwa ba a Katsina ake samar da ita ba. Tana tasowa ne daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da kuma tashoshin gas na kudu, ta biyo layukan kamfanin TCN, wanda har yau mallakar gwamnatin tarayya ne. Mun ga illar wannan dogaro a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke ratsowa ta Benuwai shi ma ya sami matsala, jihohin arewa da yawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Babu wata dokar jiha da za ta iya kunna fitila ɗaya a waɗannan kwanaki. Sannan kamfanonin rarrabawa da aka sayar a 2013 ba a kan iyakar jiha aka yanka su ba: KEDCO na riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna na riƙe da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Shi ya sa nake ganin ya fi alheri jihohin da kamfani ɗaya ya haɗa su zauna su daidaita dokokinsu da farashinsu, maimakon kowacce ta ja nata igiyar, mai zuba jari ya rasa wadda zai kama.

Tambaya: Malam, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo. An ce unguwarmu tana rukunin A, amma wutar ba ta kai sa'o'in da aka yi alkawari. Ina zan kai kuka?

Amsa: Hajiya, kina da haƙƙi a nan. Rukunin A na nufin aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4, kuma a kan wannan alkawari ne aka ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta shi. Ki riƙa rubuta lokacin kawo wuta da na ɗauke ta kullum, zai fi ƙarfi in maƙwabta da ke kan tiransifoma ɗaya suka haɗa kai. Ku fara kai ƙorafi a rubuce ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin, ku karɓi shaidar an amsa. In ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC mafi kusa, domin hukumar na da ikon saukar da layin zuwa rukunin da ya dace da shi. In jiharku ta riga ta karɓi ragama, hukumar jiha ce za ki nufa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Dutse. Mene ne haɗin Dokar Wutar Lantarki ta 2023 da alkawarin Nijeriya kan sauyin yanayi?

Amsa: A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060, kuma a shekarar aka kafa Dokar Sauyin Yanayi. Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki alkawarin, amma ba za ta iya cika shi ita kaɗai ba, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. Duk mai son shimfiɗa gonar sola sai ya nemi fili wurin jiha, ya nemi amincewar hakimai da manoman da abin zai shafa, in kuma wutar za ta hau babban layi ya koma wurin tarayya. Wuri ɗaya ya cije, aikin ya tsaya.

Abin da muke da shi a ƙasa bai taka kara ya karya ba idan aka dubi zafin ranar da Allah ya hore mana. Tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a Kano a farkon 2023 megawat 10 ce, haka ma tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, wadda ta haura shekara goma ana jan aikinta. Inda na fi sa rai shi ne ƙananan tashoshin sola na ƙauye da kasuwa, irin waɗanda REA, hukumar samar da wuta a karkara, ke tallafawa, domin kowace ɗaya da ta tashi tana kashe janareto masu yawa, kuma a jihar da ta karɓi ragama, izinin kafa su yanzu a hannun hukumar jihar yake.