Ina makamashin ƙwallo yake tafiya idan ta daki ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A darasin fiziks an sa mu saki ƙwallon tanis daga tsayin mita 1 mu auna inda take kaiwa idan ta taso. Ta fara kaiwa santimita 60, sannan 37, sannan 21. Malaminmu ya ce makamashi ba ya ɓacewa, to ina sauran ya tafi? Ni dai ina zargin iska ce take cinye shi. Kuma shin dole ne in auna nauyin ƙwallon kafin in yi lissafi? Daga wata ɗalibar sakandare.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibarmu. Malaminku ya yi gaskiya, iskar kuwa kin ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Ƙwallon tanis da aka saki daga mita 1 tana isa ƙasa da gudun kusan mita 4.4 a daƙiƙa, kuma a irin wannan gudu turjiyar iska ƙanƙanuwa ce ƙwarai idan aka kwatanta da nauyin ƙwallon. Da ƙwallon tebur ce, wadda nauyinta bai wuce giram 2.7 ba, da zarginki ya fi kama hankali.

Babbar asarar tana faruwa ne a ɗan lokacin da ƙwallon take manne da ƙasa, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Idan kika ɗauki bidiyo da waya kika rage saurinsa, za ki ga gindin ƙwallon ya lotsa, sannan ya sake cika. Yayin lotsawar nan robar tana lanƙwashewa, sassanta na ciki suna gugar juna, don haka ba ta mayar da duk abin da ta karɓa. Wani kaso ya zama zafi a jikinta da kuma a daɓen, wani ya tafi a girgiza, ɗan kaɗan kuma shi ne ƙarar da kika ji. Ba ki ji ɗumin a hannunki ba ne saboda adadin kaɗan ne: ƙwallo mai giram 58 a tsayin mita 1 tana ɗauke da kusan jul 0.57 (jul shi ne ma'aunin makamashi), abin da ya salwanta a tashin farko kuwa kusan jul 0.23 ne kawai. 'Yan wasan sukwash, masu buga ƙaramar ƙwallon roba a jikin bango, sun san wannan zafi sarai, domin sai sun yi ta bugun ƙwallonsu ta yi ɗumi kafin ta riƙa tashi yadda suke so.

Batun nauyi kuma, ba kya buƙatarsa muddin kaso kike nema. Makamashin da ke ajiye a ƙwallon shi ne nauyinta sau 9.8 (adadin ƙarfin jan ƙasa) sau tsayi, kuma tunda biyun farko ba sa canzawa, raba sabon tsayi da tsohon ya wadatar. Ki gwada da alƙalumanki: 60 cikin 100, 37 cikin 60, 21 cikin 37. Duka suna kewayen kashi 60 cikin ɗari. Wannan shi ne abin da nake so ki rubuta a rahotonki, wato ƙwallon tana rasa kusan kaso iri ɗaya ne a kowane tashi, ba adadi iri ɗaya ba. Sakamakonki ma bai yi nisa da ƙa'idar hukumar tanis ta duniya ba, wadda ta ce ƙwallon da aka saki daga santimita 254 a kan kankare dole ta taso tsakanin 135 da 147.

'Yar saɓawar da ke tsakanin alƙaluman galibi daga awo take. Ki riƙa aunawa daga gindin ƙwallon a kowane lokaci, idonki daidai da ma'aunin, kuma ki sake ta kawai ba tare da turawa ko juyawa ba. Idan ido ya gaza, ki naɗi sautin: lokacin da ke tsakanin dira biyu a daƙiƙa, ki ninka shi da kansa, sau 9.8, ki raba da 8, zai ba ki tsayin a mita. Tashin santimita 60 ya kamata ya ɗauki kusan daƙiƙa 0.7.