Amsa: Kogon wasa da farin soso

Malam, ka tambaya me ya sa kogon wasan da ka sassaƙa da farin soso (irin wanda ake tallafe kaya da shi cikin kwali) ya narke da ka fesa masa fenti. Sinadarin fentin gwangwani ne ke cinye soson, haka ma Super Glue. Dole a rufe soson da gam da tishu tukuna, kafin fenti.

Soson cikin kwalin firji ko talabijin ya wadatar. Kada ka yanka shi sumul. Fizge shi da yatsa, ka dunƙule takardar alminiyam ka daddanna a jikinsa, kaushin dutse zai fito. Ƙasan kogon kwali mai kauri ne, ka ja masa layuka, kowane murabba'i inci 1, yadda taswirar wasan tebur na Dungeons & Dragons take. Bango kada ya wuce inci 2, in ba haka ba zai kare wa 'yan wasa gani.

Dama farin gam na kafinta da ruwa, rabi da rabi, ka liƙa tishu da shi a jikin soson, ka barbaɗa yashi, ka bar shi ya kwana. Kwalin kuwa shafa masa gam ciki da baya, don shafa gefe ɗaya lanƙwasa shi yake yi.

Fenti sai akirilik, wato wanda ake sirkawa da ruwa: baƙi da farko, sannan ruwan toka da buroshin da ka goge a tsumma har ya kusa bushewa.