Gunduma da Lardi: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani ɗalibi daga Jega ya tambaya ko Turawa ne suka zo mana da kalmar "gunduma", tunda a zamaninsu aka fara jin ta a sha'anin mulki.

Tsarin dai na Turawa ne, amma kalmar tamu ce, kuma daga wuƙa ta fito. Idan ka tsaya gaban mahauci a kasuwar Jega ya kafa wuƙa a cinya ya yanko maka tsoka mai kauri, to ya gundumo maka nama, kamar yadda uwargida ke yanka kabewa gunduma-gunduma ta zuba a tukunya. Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, masu sarauta da dama a fadar sarki suke zaune, garuruwan da ke hannunsu kuwa a warwatse suke, jakadu ne ke zuwa karɓo haraji. Da Turawa suka ga wannan ba zai yi musu daidai wajen lissafin haraji ba, sai suka yanyanka ƙasar kowace masarauta, suka haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka wuri guda, suka ce kowane basarake ya fita ya zauna cikin rabonsa. Wannan rabon da aka gundumo masa shi ne gunduma. A nan ƙasashen Gwandu da Argungu da Zamfara, mai riƙe da ita "uban ƙasa" muke ce masa, ko da yake a Kano hakimi ake cewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu karanta labarai ke kiran mazaɓar kansila da gunduma, wani lokaci har ƙaramar hukuma ma. Ƙaramar hukuma tsarin 1976 ce, Kebbi na da 21, Zamfara na da 14, mazaɓa kuwa sunanta ya faɗi aikinta. Gunduma ta sarauta ce, mai rawani ke riƙe da ita, kuma ya kamata wanda sana'arsa magana ce ya kiyaye wannan bambanci.

Wata malama daga Gusau ta tambayi asalin "lardi". Larabci ne, daga "al-ard", wato ƙasa, kuma harafin lam ɗin farkonsa, wanda ya fito daga "al-" na Larabci, irin na "labari" da "lahira" ne.