An ce za a buga mini sunan Fender a jitar da zan yo oda daga Chana: in yarda?

Tambaya: Ina da shagon kayan kiɗa da lasifika a kusa da titin Ahmadu Bello a nan Kaduna. Yawancin masu saye a wurina makaɗan coci ne daga Sabon Tasha da Barnawa da Narayi, sai masu situdiyo da makaɗan biki. Wakilina a Guangzhou ya samo mini masana'antar da za ta yi mini jitar lantarki guda 60, siffarsu sak ta Fender. Ya ce in na ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za a buga sunan Fender a kansu, wasu kuma a sa Gibson. Na san da sunan nan kuɗinsu zai tashi sosai. Maƙwabtana suna yi, ban taɓa ganin an kama kowa ba, su kamfanonin kuma suna can Amurka. Akwai matsala? In kuma na ce a bar su babu suna, ita siffar da aka kwaikwaya ba laifi ba ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ka yo odar kayanka, amma ka kira wakilin nan yau ka ce masa kada a kuskura a buga sunan kowa a kansu. Abubuwa uku ka haɗa a tambayarka: siffar gangar jikin jitar, siffar kanta inda ake ɗaure tsirkiya, da sunan da aka rubuta a wurin. Doka ba ido ɗaya take kallon su da shi ba, kuma an fi shekara 40 ana tafka shari'a a kan bambancinsu.

Mu fara da siffar, tunda ita ce ta fi ɗaure maka kai. Kamfanin Leo Fender ya fitar da jitar da ake kira Stratocaster a 1954, ita ce mai ƙaho biyu da kowa ya saba gani. Gibson kuma ya fitar da Les Paul a 1952, sannan Flying V da Explorer a 1958. Takardun haƙƙin ƙirƙira da aka ba su a wancan zamanin suna da wa'adi, kuma wa'adin ya cika tun da daɗewa. Abin da ba ya tsufa muddin ana sabunta shi shi ne tambarin kasuwanci, shi ya sa daga baya Fender ya nemi a yi wa siffar jikin Stratocaster da Telecaster da Precision Bass rajista a matsayin tambarinsa a Amurka. Sauran masu ƙera jita suka haɗu suka ce ba su yarda ba. A 2009 hukumar da ke sauraren irin wannan rigima a Amurka ta ƙi amincewa da buƙatar Fender. Dalilinta shi ne kamfanin ya zura ido shekara da shekaru wasu suna yin irin siffar, har ta zama ruwan dare, ta yadda wanda ya hango ta daga nesa jita kawai zai ce ya gani, ba zai rantse ta Fender ce ba.

Gibson ya fi zafi a wannan fannin, domin shi ya samu rajistar siffofinsa a Amurka kuma yana bin su da ƙara. Duk da haka ba kullum yake nasara ba. Ya maka kamfanin PRS a kotu a kan wata jita mai suna Singlecut da ya ce ta yi kama da Les Paul, har ya samu umarnin hana su yin ta a 2004, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2005, ta ce mai saye da ya riƙe jitar a hannunsa ya karanta sunan da ke kanta ba zai ruɗe ba. A 2019 wata kotun Tarayyar Turai ta ƙi yarda cewa siffar Flying V tambarin Gibson ce a kan jita. A shekarar kuma Gibson ya kai masu jitar Dean ƙara a Amurka, aka yanke a 2022 cewa sun taka masa haƙƙi, amma diyyar da aka ba shi dala 4,000 ce kacal, sannan a 2024 kotun gaba ta ce a sake shari'ar daga farko. Ka duba ka gani: manyan kamfanoni ne da manyan lauyoyi, kowa da hujjarsa, ana ci ana kayarwa. Wannan ita ce rigimar siffa.

Rigimar suna ba haka take ba, domin babu wani ja-in-ja a cikinta. A watan Nuwamban 2024 kwastam na Amurka suka sanar da kama jitar Gibson ta jabu fiye da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na ainihi ne kuɗinsu zai haura dala miliyan 18. Ba a tsaya ana muhawara a kan lanƙwasar katako ba, suna aka gani a kai aka kwashe kaya. Shi kansa Fender ya taɓa ɗanɗana wannan. Jitar da ya fara sayarwa da sunan Broadcaster, kamfanin Gretsch ya aiko masa a 1951 cewa yana da ganguna masu suna kusan haka, sai Fender ya cire sunan, daga baya ya raɗa mata Telecaster.

Kan jita yana tsakani, amma ya fi kusa da suna. Lanƙwasar kan Fender da tsagar da ke saman kan Gibson, mai kama da buɗaɗɗen littafi, duk tambura ne masu rajista, kuma makaɗi da su yake gane jita tun kafin ya karanta rubutu. A kan wannan ne kamfanin da ya mallaki Gibson a lokacin ya kai masu shigo da jitar Ibanez ta Japan ƙara a Amurka a 1977, aka sasanta a wajen kotu. Ina so ka riƙe labarin Ibanez, zan dawo kansa.

To, mu dawo gida. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, tambari kuma ƙasa-ƙasa ake yi masa rajista. Amma kada wannan ya ba ka ƙwarin gwiwar da bai kamata ba. Muna da dokar tamburan kasuwanci ta 1965, wadda gyaran da aka yi mata a 2023 ya shigo da siffar kaya da mazubinsu cikin abin da za a iya yi wa rajista. Muna da dokar da ta haramta sa tambarin jabu ko bayanin ƙarya a jikin haja, kuma ba ta tsaya kan wanda ya buga ba, har mai sayarwa tana kamawa. Jitar da aka yi a Chana aka rubuta mata cewa a Amurka aka yi ta ta faɗa cikin wannan kai tsaye, ko mai tambarin ya zo ko bai zo ba. Kayan jabu suna cikin abin da kwastam suka haramta shigowa da shi. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren shari'ar tambari, tana da reshe a nan Kaduna, kuma tana iya ba mai ƙara izinin a shigo shagonka ba tare da an sanar da kai ba a kwashe kayan a matsayin shaida. Kamfanin ba sai ya taso daga Amurka ba, lauya ɗaya a Legas ko Abuja ya ishe shi.

Ka ce ba ka taɓa ganin an kama kowa ba. Na yarda da kai, kuma ba zan tsorata ka da cewa gobe za a zo ba. Amma mu yi lissafi, a matsayin misali kawai, kai ka fi ni sanin farashin yau. A ce kowace jita ta iso shagonka a kan naira 90,000 da kuɗin dako da na kwastam. Guda 60 sun ci naira miliyan 5.4. In ka sayar da su a matsayin abin da suke a kan 130,000, ribarka miliyan 2.4 ce. In an buga suna ka sayar a 200,000, ka ƙara miliyan 4.2 a kai. Kuɗi ne masu kyau, ba zan ce maka ba haka ba. Sai dai domin ka samu wannan ƙarin ka jingina uwar kuɗin gaba ɗaya, da sauran kayan da ke cikin kwantenar, domin in aka tsare ta a Apapa ko a tashar tudu ta Kakuri ba jita kaɗai za ta kwana a can ba, kuɗin ajiya kuma yana hawa kullum. Kuma ba ka da bakin kai kuka, tunda kai ka ce a buga.

Abin da ya fi damuna ma ba kwastam ba ne, masu sayen nan naka ne. Makaɗan Kaduna sun san juna. Wanda ke kaɗa wa coci a Sabon Tasha ranar Lahadi shi za ka gani a situdiyo ranar Talata, kuma kowannensu da waya a hannu. Cikin minti biyar yaro zai gano cewa Gibson ba ya ƙera jitar lantarki mai ɗauke da sunansa sai a Amurka, waɗanda ake yi masa a Chana sunan Epiphone suke ɗauka. Haka Fender, masu arahar tasa Squier ake rubuta musu. Ka tuna kuma yawancin kuɗin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Baiko ne aka tara, ko matashi ne ya yi wata da watanni yana adashi. Ranar da kwamitin coci ya gane cewa abin da ya biya kuɗin Fender ba Fender ba ce, ba jita ɗaya ka rasa ba, ka rasa cinikin lasifikarsu da makirfo da ganguna da duk wanda za su gaya wa. Wannan algus ne, kuma Musulmi da Kirista duk sun san hukuncinsa tun kafin a rubuta dokar tambari. Ko ka ce za ka riƙa gaya wa mai saye gaskiya cewa kwafi ce, sunan yana nan a jikinta, kuma in ya sayar wa na gaba ba lalle ya faɗa ba.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki ya san cewa cikin abubuwan da suka durƙusar da su akwai atamfar da ake kwaikwayon zanenta a waje, a buga mata tambarin masaƙar gida, a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. Mun ga abin da wannan ya yi wa gidaje.

Yanzu ga inda nake ganin kuɗinka na gaskiya yake. Masana'antar da ta iya buga Fender za ta iya buga duk sunan da ka ba ta, kuma ba za ta caje ka fiye da haka ba. Ka zaɓi sunanka. Ka sa a zana maka kan jita naka na kanka, wanda wanda ya hango shi ba zai ce na Fender ko na Gibson ba ne. Gangar jikin mai ƙaho biyu ka iya barinta yadda take, domin kamfanoni da yawa masu mutunci suna yin irinta a fili da sunayensu, ko da yake in ka sa an ɗan sauya lanƙwasar ƙahon da farantin gaba ya fi mini kwanciyar hankali. Su Flying V da Explorer da kwafin Les Paul sak ka kauce musu, mai su yana da son ƙara, kuma ba su ne abin da kasuwarka ke nema ba. Kada sunan naka ya zama wasa da nasu, irin a sauya harafi ɗaya a rubuta shi da salon rubutunsu. Wannan ma kwaikwayo ne a idon kotu. Haka a talla da rasit, kada yaran shago su rubuta Fender ko Stratocaster.

Abin da Ibanez suka yi ke nan. Da kwafi suka yi suna, amma tun kafin shari'ar ta 1977 sun riga sun sauya kan jitarsu, suka koma yin zanensu, yau ga shi suna cikin manyan sunaye a duniya, har nasu ake kwaikwaya. Ba na ce za ka zama Ibanez ba. Amma jita 60 masu sunanka, in suna da kyau, oda ta biyu kanta za ta sayar da kanta, kuma maƙwabcinka ba zai iya karya maka farashi a kan kayan da kai kaɗai ke da su ba.

Sai dai sunan ba zai ɗauki kaya marasa kyau ba. Kuɗin da ka yi niyyar ba su na buga tambari, ƙara a kai ka ce a sa makunnan ɗaure tsirkiya masu riƙewa da maganaɗisun ɗaukar sauti da ba sa ƙugi. Ka sa a aiko maka da samfur biyu tukuna, ka ba makaɗin da ka amince da kunnensa ya yi mako biyu da su. Ka kula da wuyan jitar sosai, domin katakon da bai bushe da kyau ba hunturun Kaduna yana lanƙwasa shi, ƙarafunan da ke jere a wuyan su fito suna yankar yatsa. Ka samu mai gyara ya riƙa saita kowace kafin ta bar shago, ka ba da garanti ko na wata shida ne. Mai sayar da jabu ba zai iya wannan ba.

Batun rajista kuma, kada ka ɗauka takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar. Ita sunan kasuwancinka take karewa, ba tambarin da ke jikin haja ba. Tambari ana yi masa rajista ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, kayan kiɗa kuma suna aji na 15. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. In zanen kan jitar taka sabo ne za ka iya yi masa rajistar zane a ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970, shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, amma sai ka shigar kafin ka fara nuna shi a kasuwa. Ka sa lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ya fara bincika ko wani ya riga ka sunan, kafin ka tura wa masana'anta. A yarjejeniyarku da su kuma a rubuta cewa ba za su buga sunanka a kayan wani ba, sannan wakilinka ya ɗauko maka hoton kan kowace jita da bayanta da kwalinta kafin ka biya cikon kuɗi, domin wani lokaci jikin jitar babu suna amma kwalin ko takardar da ke ciki na ɗauke da shi.