Amsa ga Malamar da ta nemi gidan tsare bayi a Kalaba ba ta gani ba

Malama, kin ce ɗalibanki sun tambaye ki me ya sa ake ce wa Kalaba babbar tashar bayi alhali babu ganuwa irin ta Elmina da ke ƙasar Gana, kin duba taswira ta ƙara rikita ki. Wallahi na ji miki, wannan ruɗanin ni ma ya ci ni. Kada ki ƙara neman gini. Kogin ne amsar.

Ki fara raba sunaye biyu. Tsohuwar Kalaba ita ce ta Jihar Kuros Riba, garin Efik. Sabuwar Kalaba ta mutanen Kalabari ce, can Jihar Ribas. Masu zanen taswira na Turai ne suka haɗa wannan gwarama.

Garin Tsohuwar Kalaba yana tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Babban Kwa, dukansu suna zuba a bakin Kogin Kuros, wanda ya taso daga Kamaru. Bakin nan faɗi ne da shi, ga tsibirai, ga laka, ga itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. A zamanin cinikin bayi, jirgi ba ya shiga sai da ɗan gari mai nuna hanya, kuma sai ruwa ya ciko. Bature kuma bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. A kan ruwa yake jefa anka gaban Duke Town, ɗaya daga cikin garuruwan Efik, ya biya sarakunan Efik kuɗin shiga, a yi wa jirgin rumfar ganye, ya yi watanni yana jira. Jirgin shi ne kurkukun. Zawo da zazzaɓi suna kashe mutane tun ba a ga teku ba.

Bature yana ba da kaya bashi, sandunan tagulla, tufafi, bindiga, barasa, ya riƙe 'ya'yan attajirai jingina. Kwale-kwale su haura kasuwanni irin Itu, inda 'yan kasuwar Aro na ƙasar Ibo ke kawo mutane, galibi Ibo da Ibibiyo. Ƙungiyar Ekpe, ƙungiyar asiri ta manyan Efik, ita ce ke tilasta biyan bashi. Hatta lokacin zuwan jirage an ɗaure shi da kakar doya, don ita ce abincin hanya.

Abin da har yau ke ƙona mini rai shi ne 1767. Old Town, wani garin Efik ɗin, da Duke Town suna gaba kan ciniki. Kyaftin-kyaftin ɗin jiragen Ingila suka gayyaci manyan Old Town zuwa kan jirage, wai za a yi sulhu. Mutane suka zo da amana. Ashe an gama ƙulla magana, kwale-kwalen Duke Town na ɓoye a gefe. Aka buɗe wuta daga jirage, wanda ya faɗa ruwa aka tare shi. Kimanin mutum 300 aka kashe ko aka kama. An miƙa Amboe Robin John, ɗaya daga manyan Old Town, ga abokan gabarsa suka fille masa kai. 'Yan'uwansa biyu, Ephraim da Ancona, waɗanda su kansu masu sayar da mutane ne, aka sayar da su a tsibirin Dominika, daga nan Bajiniya ta Amurka, sai suka kai Biristol ta Ingila, ba su dawo gida ba sai 1774. Cin amana da sunan sulhu! Ki gaya wa yaran nan yadda abin yake, kada ki wanke kowa, da mai saye da mai sayarwa.

Kuma don Allah kada a rubuta 1807 a matsayin ƙarshe. Ingila ce ta hana 'yan ƙasarta cinikin bayi a shekarar, wasu suka ci gaba. Sai 1841 Sarki Eyamba na Biyar da Sarki Eyo na Biyu suka sa hannu kan daina fitar da bayi, manja ya maye gurbi, bayi kuma suka koma gonaki.

In za ku je, ku bar damina ta wuce. Ku ga gidan tarihin bayi na Marina a cikin Kalaba, sannan ku ɗauki kwale-kwale zuwa Creek Town, garin Sarki Eyo, kowane yaro da rigar hana nutsewa, ki tambayi direba lokacin da ruwa ke janyewa kafin ki biya.