Yaron da ke kwance kayan wuta: Arduino ko shagon mai gyara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ɗanka mai shekara 13 ba ya barin rimot ko tocila sai ya kwance, kana tambaya ko ka saya masa Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa manhaja don ya sarrafa kayan wuta, ko ka kai shi wajen mai gyara. Ni ma ta nan na biyo, yanzu injinan masana'anta nake kula da su.

Shawarata, kar ka fara da Arduino. Fara da mita, irin wadda masu gyaran rediyo ke auna wuta da ita. Yaron da ke kwancewa kawai, bayan wata shida zai gaji, don kullum wayoyi ne da koren allo, ba abin da suke gaya masa. Amma ranar da ya ɗora mita a kan sabon batir ya ga volt 1.5, ya ɗora a kan wanda ya gaji ya ga ya sauka, to ya fara ganin abin da ido ba ya gani. Haɗa masa da allon gwaji mai ramuka, da ƙananan fitilun LED, da rizisto (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta), da batir mai volt 9. In a Kano kake, kasuwar Sabon Gari akwai su. Bar shi ya ƙona LED biyu ko uku, sannan a nuna masa dokar Ohm, wato lissafin yawan wutar da za ta ratsa rizisto: jan LED yana cin kusan volt 2, saura 7, rizisto mai ohm 470 zai rage wutar zuwa kimanin miliamfiya 15. Lissafin da ake fama da shi a makaranta, a nan zai nema da kansa.

Sharaɗi ɗaya dai, kuma ba wasa: ba shi ba wutar soket, volt 230 ce. Tsohon talabijin mai ƙusumbi da makirowef suna riƙe wuta a ciki ko an zare su. Batirin waya kuwa kar ya huda. Ka tara masa matattun kaya daga 'yan'uwa, ka ce waɗannan ne nasa.

Zuwa wajen mai gyara yana da amfani lokacin hutu, zai iya liƙa waya da dalma, zai saba da haƙuri. Sai dai ka zaɓa. Wani ogan canza kaya kawai ya iya, ya cire wannan ya sa wancan har Allah ya sa a dace, yaron kuma ya ƙare a aiken sayen shayi.

In ya kai nan, sai Arduino. An ƙirƙiro shi a 2005 a garin Ivrea na Italiya don ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba, shi ya sa yake da sauƙi. Tsohuwar laftof ta ishe shi rubuta wa Arduino manhaja. Ka ba shi aikin gida na gaske: bokiti, ƙaramin famfo mai volt 12, rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), da abin gane tsayin ruwa. Ya rubuta manhajar da za ta kunna famfo in ruwa ya yi ƙasa, ta kashe in ya cika. Zai ga abin haushi: ruwa na kaɗawa, rile na ta ƙas-ƙas, kunna kashe. Kar kowa ya gaya masa amsa da wuri. In ya gano cewa sai an ware matakin kunnawa daban, na kashewa daban, wallahi ya taɓa zuciyar aikinmu, don abin da muke yi ke nan da manyan tankuna da tukwanen tururi.

Bambancin kawai, a masana'anta PLC ake amfani da ita, kwamfutar da ke jure ƙura da zafi. Asalinta 1968 ne, lokacin da General Motors a Amurka ya nemi abin da zai maye gurbin tarin rile a layin haɗa motoci, injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da PLC mai suna Modicon 084. Yau irin na Siemens ne na fi haɗuwa da su. Masana'antun Sharaɗa da Bompai, da kamfanonin siminti na Obajana da Sakkwato, duk suna buƙatar mai iya karanta zanen haɗin wayoyin wuta ya kuma gyara manhaja, kuma mai haɗa biyun ne ke wuyar samu.

A makaranta ka sa ido a kan lissafi da fizik, su ne ke kada yaranmu masu basirar hannu a jarrabawa. In ya riƙe su, Jami'ar Bayero tana da sashen mekatoroniks (haɗin ilimin inji, lantarki da kwamfuta), ABU Zariya da Kaduna Poly kuma suna da sashen injiniyan lantarki.