Kasken "ƙarin basira" da sauran tambayoyinku na wannan mako

Wani ɗan terminal daga Bukoki, nan Yamai, ya turo cewa ya ji Elon Musk yana sa wa mutane na'ura cikin ƙwaƙwalwa, wai nawa ne kuma ina ake rajista, don shi yana so a sa mishi kafin BAC.

Haba ɗana, wace irin tambaya ce wannan? Kamfanin Elon Musk ɗin, Neuralink, ya fara sa wa mutum wannan abin ne a watan Janairu 2024 a Amurka, kuma mutumin da aka sa wa ya shanye tun daga wuya har ƙasa, abin da ya samu shi ne motsa alamar kwamfuta da tunaninshi. Sai an fasa ƙoƙon kai ake sawa, gwaji ne na marasa lafiya, ba a sayar da shi ko'ina, kuma ba ya zuba wa kowa lissafi a ka. Koma ga kayenka.

Sai wani Alhaji mai shago a Katako, ya ce ya ga talla a wani gurup na WhatsApp, wani kaske da ake ɗaura wa yaro a goshi, wai yana auna natsuwa yana ƙara basira, ana haɗa shi da portabul. Jika 60 aka ce mishi. Ɗiyarshi za ta yi BEPC, ya saya ko ya bari?

Alhaji, bari. Nan zan ɗan daɗe don wannan ne ke cina. Da fari dai yawancin waɗannan kaya da ke yawo a WhatsApp babu sunan kamfani, babu faktir, babu garanti, kwali ne mai sheƙi da ƴar fitila shuɗiya da ke walƙiya, ka biya ta waya, in ya lalace mai tallan ya sauya lamba. Kai da kanka ɗan kasuwa ne, ka san yadda ake buga sunan babban kamfani kan sharjer na jika ɗaya. Ko na gasken ma, abin da yake iyawa shi ne ɗauko ɗan siginar lantarki mai rauni daga fatar kai, kuma ƙyafta ido ko tauna ko zufa duk suna rikita shi, ka tuna zafin Yamai cikin Afrilu da Mayu lokacin da yara ke bita. Aunawa yake, ba ya ƙara komai.

To amma a ce na gaske ne, nan ma fa matsalar ta fi girma. Abin da kasken ya ɗauko daga kan ƴarka ba cikin portabul ɗinka yake tsayawa ba, aplikasiyo ɗin yana tura shi can wurin kamfani a wata ƙasa, kai ko ka danna "na yarda" kan dogon rubutu da turanci ko faransanci wanda ba ka karanta ba. A 2024 wata gidauniya a Amurka da farfesa Rafael Yuste na jami'ar Kolombiya ke jagoranta ta duba takardun kamfanoni 30 masu sayar da irin waɗannan kaya, ta tarar 29 ba su sa wa kansu wata iyaka ta kirki ba kan bayanan mai saye. Irin wannan sigina tana iya nuna alamun rashin barci ko wata cuta, kuma yarinya ƴar shekara 15 ba ta ce ta yarda ba, kai ka yarda a madadinta. A ƙasar Sin, a lardin Zhejiang, wata firamare ta ɗaura wa yara irin wannan a 2019 don malamai su ga wanda hankalinshi ya tafi, da labarin ya fita jama'a suka yi ca sai da aka dakatar.

Ƙasashe sun fara tashi tsaye. Ƙasar Cile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don kare aikin ƙwaƙwalwa da bayanan da ke fitowa daga gare ta, kuma a 2023 kotun ƙolinta ta umarci kamfanin Emotiv ya goge bayanan wani tsohon sanata, Guido Girardi, wanda ya sayi kaskensu. Jihohin Kolorado da Kalifoniya na Amurka sun yi dokokinsu a 2024. UNESCO ta amince da shawarwari kan ɗa'ar wannan fasaha a Nuwamba 2025, amma shawara ce, ba ta tilasta wa kowa. Mu nan Nijar muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da HAPDP, hukumar da ke kula da kare bayanan, to amma Alhaji tsakani da Allah, in kamfanin ba shi da ofis ba shi da wakili a ƙasar nan, wa za ka kai ƙara? Girardi tsohon sanata ne mai lauyoyi, kuma sai da ya kai har kotun ƙoli. Wannan jika 60 ka biya mata malamin bita, ka sai mata fitila mai sola saboda ɗaukewar kuran, ka tabbata ta karya kumallo kafin ta tafi lakkol.

Wasiƙar da ta fi taɓa ni daga Tawa ta zo. Wata baiwar Allah ta ce ɗanta yana faɗuwa, likita ya ce farfaɗiya yake zato, ya ce a kai shi Yamai a yi mishi gwajin EEG, wanda ake auna siginar ƙwaƙwalwa da wayoyi a kai. Ita tsoro take ji kar wayoyin su sa mishi wuta a kai ko su taɓa mishi hankali. Kuma wani ya kawo mata wata na'ura mai batir da ake mannawa a kai, wai tana warkarwa, ba sai ta yi doguwar tafiya ba.

Ƴar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ki kwantar da hankalinki, EEG ba ya sa wuta ko kaɗan, saurare kawai yake yi. Za a manna mishi ƙananan wayoyi da wani abu kamar man shafawa, ya kwanta, a ce ya rufe ido ya buɗe, wani lokaci a ce ya yi numfashi da ƙarfi, babu allura babu ciwo, kuma ba ya karanta abin da mutum ke tunani. Ki wanke mishi kai, kar ki shafa mai ranar. Na san Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ga kuɗin mota ga masauki, amma can kuɗin ya kamata su tafi. Waccan na'ura mai batir kuwa ita ce ke sa wuta da gaske, tana iya ƙona fata, kuma ga mai farfaɗiya haɗari ce in ba likita ke kula ba, don Allah kar ta taɓa kanshi. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau, kuma yawancin masu ita in suna shan magani kullum ba fashi faɗuwar tana tsayawa. Takardar gwajin haƙƙinku ce, ki karɓi kwafi ki adana, kar ki tura hotonta cikin gurup.

Na ƙarshe, wani direban babbar mota ya ce patron ɗinsu yana zancen sayo huluna masu gane gyangyaɗi, ya yarda? Malam, irinsu na nan, ana amfani da su a ma'adinan Ostiraliya, kuma in ƙara kawai za ta yi ta tashe ka a hanyar Dosso ko Konni to alheri ne. Amma kafin ka sa, ku haɗu da sandikanku ku nemi a rubuta wa ke ganin bayanan, kwana nawa ake ajiye su, da kuma cewa ba za a yanke albashi ko a kori mutum da su ba. In patron ya ƙi rubutawa, kar ka sa.